Sakan Goma Sha Ɗaya na Ranar Talata

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Likitan zuciya ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta rana da lokaci duk sa'ad da abin ya zo, da abin da nake yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka. To ga littafi. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina cika wa mata katin haihuwa, yau ni aka ba aikin gida kamar 'yar firamare.

Bari in faro daga farko don likita ya gane. Ni nas ce mai karɓar haihuwa. Shekara biyu da suka wuce zuciyata ta fara lalaci, bugu talatin da takwas a minti, in na miƙe tsaye sai in ga duhu. Aka tsaga ni nan ƙasan ƙashin wuya ta hagu, aka saka wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba, da wayoyi biyu sirara da aka zura ta jijiya har cikin zuciya. In zuciyar ta yi nawa, na'urar ta ɗan tsikare ta. A wurin aiki batir suke ce mata. Doguwa, abokiyar aikina, ta laƙaba min Mai Batir, sunan ya bi ni har wurin masu shara.

Shekara biyu lafiya lau, har mantawa nake da ita sai in ina wanka hannuna ya bi ta kan tudun. Wata ɗaya da rabi ke nan da ƙirjina ya fara wani lugude da ban san shi ba. Ya zo ba sallama, ya tafi ba sallama.

Bayan abin da ya faru ina karɓar haihuwa ranar Talatar da ta wuce, Babbarmu, wato shugabar ɗakin haihuwa, ta kira ni ofis ta tura ƙofa.

"Yaya, ke kika koya min ɗaure cibiya, ban manta ba," ta ce, tana ta juya biro a hannu. "Amma wallahi ba zan iya ba. Ki koma ɗakin awo zuwa ƙarshen wata. Ki kawo min takardar likita cewa lafiyarki lau, ranar talatin ga wata in mayar da ke ɗakinki. In kuwa babu takarda..."



Babu abin da ya samu yaron. Wannan kowa ya shaida.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe

Ya zo. Ɗakin awo, ina sunkuye a kan cikin wata mai wata bakwai. Kamar minti ɗaya. Na ƙirga, bugu ɗari.

Laraba, 4 ga wata, sha ɗaya da minti biyar na safe

Ya sake zuwa, nan ma ina sunkuye. Ɗari.

Laraba, biyar na yamma

Akwai injin sauraro a ɗakin awo, irin wanda ake shafa wa ciki mai a goga, kowa a ɗakin ya ji bugun. Ni dai ƙahona na katako nake so. In kafa bakinsa a kan ciki, in ɗora kunnena na hagu, in rufe ido. Da farko gurnanin hanjin uwa za ka ji, sai bugun jininta mai nauyi, sannan can ƙasa, in ka yi haƙuri, ga shi nan. Tik tik tik tik, ɗari da arba'in a minti. Mutum bai taɓa ganin rana ba, bai san yana da suna ba, amma zuciyarsa ta riga ta kama aiki, kuma ba za ta ɗauki hutun kwana ɗaya ba har ranar da za a ce ta tashi. Subhanallahi. Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan, har yau sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da nake so in rubuta shi ne, sau biyun nan duk ina cikin wannan sauraron ne ya zo. Sai in ji tawa ta zabura, kamar an kira ta. Ina miƙewa in duba agogon ƙirjina in ƙirga, kullum ɗari ne cif, sai wani bugun daban da ke kutso kai a tsakani kamar mutum biyu na daka a turmi ɗaya ba su haɗa hannu ba. Kafin in gama gyara riga ya wuce.

Agogon ma sabo ne, auta ce ta aiko min daga inda take karatu. Tsohon nawa fil ɗinsa duk ya huhhuje min riguna. Wannan ba shi da fil, wani ɗan maɓalli ne ake sawa ta cikin riga ya kama agogon ta waje. Yana da kyau, lambobinsa manya, ba sai na nemi tabarau ba.

Alhamis, 5 ga wata, biyu na rana

Yau hutuna, na je a duba na'urar. Na ga ikon Allah.

Wani mutum ne mai furfura a gemu yake wannan aikin, mai kwamfuta nake ce masa. Ya ɗora min wani abu kamar sabulu mai igiya a kan tudun, ta saman riga ma, ko tsaga babu, ko allura babu. Sai ga zuciyata a allon kwamfuta tana tafiya layi layi. Ya ce na'urar tana ƙirga kowane bugu tun ranar da aka saka ta, ta san wanda zuciyata ta yi da kanta, ta san wanda ita ta tsikara. Ya karanto min adadin, miliyan saba'in da wani abu. Na ce ya maimaita. Ya maimaita yana dariya.

"Mama, ki zauna da kyau, zan ɗan taɓa ki," ya ce.

Ya danna maɓalli ɗaya a kwamfutarsa, sai zuciyata ta ɗauki gudu. Ya sake dannawa ta dawo. Yana zaune a kujerarsa taku biyu daga inda nake, da ɗan yatsa ɗaya. Na riƙe hannun kujera ina salati. Ba tsoro na ji ba sosai, wani irin ƙanƙanta na ji, na ga ashe duk taƙamar da nake yi a kan wannan ɗan naman take rataye.

Ya ce batir zai kai shekara takwas nan gaba, wayoyi suna zaune daram. Sai ya ƙura wa allo ido.

"Akwai wani abu nan guda ɗaya. Ranar Talata ashirin da bakwai ga watan jiya, ƙarfe tara da minti arba'in da biyu na safe. Zuciyar ta yi gudu sosai, sakan goma sha ɗaya, ta dawo da kanta. Kin tuna me kike yi a lokacin?"

Na ce ina bakin aiki.

Tara da arba'in da ɗaya aka rubuta a katin yaron. Wato abin nan da ke cikin namana yana nan, ya gani, ya rubuta, ya ajiye bai gaya wa kowa ba sai yau.

Likita ya duba takardun ya ce bai gane dalili ba tukuna, shi kuma ɗarin da nake ƙirgawa bai ga inda ya dace ba. Takarda dai ba yanzu ba. In ci gaba da rubutu.

Asabar, 7 ga wata, sha biyu na rana

Shiru tun jiya. A gida ba ya zuwa.

Baban yara, tun da ya yi ritaya daga koyarwa yake neman abin da zai bincika, yanzu ya samu. Ya hana ni shayi. Ya ɗauke rediyo daga gefen gado. Ya ce kada in ƙara sa waya a kunnen hagu. Yau da safe na same shi a kicin yana zagaya firji yana kallonsa kamar ɓarawon da aka kama.

"Malam, firjin nan shekararsa goma sha biyu a gidan nan, ya girmi batir ɗin," na ce.

"Ai tsufan nasa ne abin tsoro. Kin san abin da yake fitarwa?"

"Ƙanƙara yake fitarwa, ita ma in ya ga dama."

Bai yi dariya ba. Ya ce in zauna, ya durƙusa da wannan gwiwar tasa mai ciwo, ya kara kunnensa a ƙirjina. Ya daɗe. Da ya ɗago ya ce shi dai bai san yadda ake ƙirgawa ba, amma ya ji tana nan. Na tashi na kama wanke-wanken da na riga na wanke.

Litinin, 9 ga wata, tara da rabi na safe

Ya zo. Sunkuye. Ɗari.

Litinin, sha biyu saura kwata

Kuma.

Laraba, 11 ga wata, uku na yamma

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa, bangon kuwa ba shi da sirri. Ina auna hawan jinin wata ina jin Doguwa tana cewa "yunƙura, yunƙura, kar ki tsaya," sai shirun nan da muka sani, sai kukan. Hannuwana da kansu suka buɗe a kan tebur. Matar da ke gabana ta ce, "Anti lafiya?" Na ce lafiya, jininki ma lafiya.

Ban raina awo ba, aiki ne. Amma ni hannuna na karɓa ne. Akwai wani nauyi da jariri ke yi a sakan na farko, ɗumi da santsi da nauyin da bai kai na butar shayi ba, kuma kai ne mutum na farko a duniya da ya taɓa shi. Na taɓa gwada lissafi, sun haura dubu huɗu. In an ce na gama da wannan, ban san me zan riƙa yi da hannuwan nan ba.

Da aka tashi Doguwa ta shigo ta zube a kan gadon awo da takalminta.

"Mai Batir, ɗakin nan babu daɗi ba ke. Yau uku na karɓa, bayana kamar an taka."

Na gaya mata abin da nake zato, wanda ban gaya wa likita ba don kada ya ce na fara taɓuwa. Na ce ina ganin zuciyata tana jin ta yaran ne, tana so ta bi su a guje, shi ya sa ba ta tashi sai ina sauraro.

Ta kalle ni, ta fashe da dariya har da buga ƙafa. "Tsohuwa da batir za ta yi tsere da jarirai! To ki gaya mata ta zauna, ba sa'anninta ba ne." Da ta gama dariyar ta goge ido ta ce, "Amma fa in haka ne, abin da daɗin ji."

Ba ta taɓa ɗago min maganar ranar Talata ba. Allah ya yi ta da dogayen hannuwa, shi ke nan abin da zan ce.

Alhamis, 12 ga wata, shida na yamma

Babu komai. Saura kwana goma sha takwas.

Juma'a, 13 ga wata, ɗaya na rana

Wata ta zo awon farko, cikin ya fi watanninsa. Na kafa ƙaho a dama na ji bugu. Na matsa can hagu ƙasa na ji wani, saurinsa ba ɗaya da na farkon ba. Na koma, na dawo, na sake komawa. Biyu ne. Ina cikin haka tawa ta tashi, sai ga ni a sunkuye da zuciya huɗu a wuri ɗaya, ta uwa, ta 'ya'ya biyu, da tawa da 'yar na'urarta, kowace da tafiyarta, babu wadda ta san da wata. Ban miƙe ba. Na bar shi ya yi ta yi, ina sauraro, hawaye na bin gefen ƙahon.

Matar ta tsorata ta ce, "Anti, wani abu ne ya samu ɗan?"

Na ce, "'Ya'yan dai. Ki fara neman zani biyu."

Ta dafe kai ta ce wayyo, mijinta ko gadon ɗaya bai gama haɗawa ba.

Sha ɗaya da minti goma ne, don likita. Ya fi minti biyu. Ɗari.

Litinin, 16 ga wata, huɗu na yamma

Yau na sha kunya, na kuma sha mamaki, ban san wanne ya fi ba.

Sau uku ya zo kafin sha ɗaya. Babbarmu ta ce in tafi yanzu-yanzu a duba ni tun abin yana da ɗumi. Ban koma gida na sauya kaya ba, da farar rigata na tafi. Mai kwamfuta ya ɗauko sabulunsa zai ɗora, sai ya tsaya da hannu a sama.

"Mama, wannan agogon da me yake manne?"

Na cire na nuna masa. Ya karɓi ɗan maɓallin, ya kai shi kusa da ƙafar kujera, ƙarfen ya fizge shi, ƙwas. Mayen ƙarfe ne. Ya haɗa ni da kwamfuta, ya ce in mayar da agogon inda nake sa shi, in nuna masa yadda nake sauraron ciki. Na sunkuya a kan tebur ɗinsa, na karkata kai hagu, kafaɗa ta ɗaga, rigar ta ja sama, maɓallin ya hau daidai kan tudun. Nan take ƙirjina ya ɗauka. A allo kuwa ga lamba ta tsaya, ɗari.

Ya ce haka aka ƙera na'urar. In ta ji mayen ƙarfe a kanta sai ta daina sauraron zuciya, ta kama bugun kanta ɗari a minti ba ruwanta da kowa, ita kuma zuciyar tana nata, shi ne suke karo. Da gangan aka yi ta haka don likitoci su riƙa gwaji. Ni kuwa wata biyu ina yi wa kaina gwaji sau uku a rana, kuma da agogon da ke jawo abin nake ƙirga shi.

An gaya min fa tun ranar sallama daga asibiti, har takarda aka ba ni, cewa banda mayen ƙarfe. Ni a kaina mayen ƙarfe shi ne ƙaton nan na cikin lasifika. Ni da nake tsare mata ina musu wa'azin su karanta takardar magani.

Likita ya zo ya gani ya yi ta girgiza kai yana murmushi. Ya ce mai yiwuwa wannan karon ne ya tunzura zuciyar ranar Talata har ta yi gudun nan na sakan goma sha ɗaya.

"Ranar ma agogon yana jikinki ko?"

Na ce kullum da shi nake zuwa aiki.

Ya ce in ajiye shi mako guda, in shiru, in zo in karɓi takarda.

Talata, 17 ga wata, biyu na rana

Ciki goma sha tara na saurara. Shiru. Ashe ba tsere take da kowa ba. Na ɗan ji babu daɗi, in faɗi gaskiya.

Laraba, 18 ga wata, biyar da rabi na yamma

Baban yara ya manna agogon a ƙofar firji, ya ce su biyun su ƙarata. Ya dawo min da shayina da kansa, har da cewa dama shi tun farko jikinsa ya ba shi ƙarfe ne. Auta ta yi ta kuka a waya wai ita ta kusa kashe ni. Na ce ta yi min shiru, agogo mai kyau ne, yanzu ma shi ke gaya mana lokacin sauke tukunya.

Kowa ya saki jiki. Gidan har ya fi haske.

Litinin, 23 ga wata, ɗaya na rana

Na karɓi takarda. Layi huɗu da sa hannu da hatimi. Tana iya komawa cikakken aikinta.

Doguwa ta ɗaga ni sama ɗungurungum a gaban masu jiran awo.

Laraba, 25 ga wata, shida na yamma

Takardar tana cikin jaka. Ban kai wa Babbarmu ba. Ai sai ranar talatin ta ce.

Alhamis, 26 ga wata, tara da kwata na safe

Tsakar gida, ina shanya. Ba agogo, ba sunkuyo.

Ba irin wancan ba ne. Wannan ba ya ƙirguwa. Igiyar shanya ta yi nisa, gefen idona ya rufe, na ji hannuwana ba nawa ba. Da na dawo, rigar Malam tana ƙasa cikin ruwan kwata, ni kuma ina tsaye, yatsuna a buɗe.

Yana falo yana karatun jarida. Na sake wanke rigar.

Juma'a, 27 ga wata, huɗu na yamma

Likita ya ce in rubuta abin da nake yi duk lokacin da ya zo. Akwai guda ɗaya da ban rubuta ba.

A ɗakin haihuwa ba na barin agogo a ƙirji. Babu mai bari. Kana sa rigar leda a sama, hannunka cikin safa da jini, ba ka da hannun ɗaga agogo. Ana cire shi ne a ajiye a kan tiren kayan aiki, fuskarsa sama, don a ga mintin da ɗa ya faɗo. Shekara talatin da ɗaya haka nake yi. Ranar Talatar ma a kan tire yake. Daga can na karanta tara da arba'in da ɗaya.

Namiji ne, kilo uku da ɗari biyu. Na yanke cibiya, na ɗauke shi zan kai shi teburin gogewa, taku huɗu ne. A taku na biyu duhun ya zo. Ban san na sake shi ba. Doguwa tana gefena da tawul, ta tare shi a daidai gwiwata. Uwar tana kwance ba ta gani ba. Babbarmu tana bakin ƙofa ta gani.

Babu abin da ya samu yaron. Na rubuta wannan tun shafin farko, gaskiya ne kuma. Amma ba ni ce na hana ba.

Ban yi wa likita ƙarya ba, da agogon nake zuwa aiki kullum. Na dai san abin da yake tambaya, na ba shi amsar wata tambayar.

Asabar, 28 ga wata, sha ɗaya na safe

Na miƙa wa Malam littafin nan na ce ya karanta shafi biyun ƙarshe. Ya sa tabarau ya karanta a hankali yadda yake duba jarrabawa. Ya rufe, ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga.

"To me kika yanke?"

"Ban sani ba. Takarda tana hannuna. Wata ɗaya tsakanin na farko da na biyu, ƙila sai bayan shekara, ƙila ba zai sake ba."

"Ƙila," ya ce.

"Ba za ka ce komai ba? Kai da ka hana ni shayi?"

"Shayi na sani. Wannan ke kika san nauyinsa, ni ban taɓa riƙe ɗan minti ɗaya a hannu ba." Sannan ya ce, "Amma likitan nan yau za ki kira shi, wannan kam ba shawara ba ce."

Na kira. Ya ce in zo Talata da sassafe, na'urar ta riga ta ajiye musu abin da ya faru, za su gani. Na tambaye shi ko zai gane dalili. Ya ce zai yi ƙoƙari, amma akwai abin da zuciya ke yi wanda su ma kallo kawai suke yi. Na ji daɗin da bai yi min ƙarya ba.

Lahadi, 29 ga wata, biyar na yamma

Na goge farar riga. Sau biyu na goge ta.

Litinin, 30 ga wata, uku na yamma

Da safe na ba Babbarmu takardar. Har na miƙa ban san me zan yi ba. Ta karanta, ta ce alhamdulillahi, ta ce ga mai naƙuda can a gado na biyu, haihuwar fari, ta kusa, in je in buɗe hannu da ita.

Na wanke hannu har gwiwar hannu. Na sa rigar leda, na sa safa. Warin ɗakin, ƙarar tire, hasken tagar nan da ke faɗowa a kan gado na biyu, komai yana inda na bar shi. Zuciyata lafiya lau, saba'in, kamar ba ita ba. Yarinyar tana ta kiran mamanta. Na duba, ga kai nan ya fara leƙowa, gashi baƙi wuluk. Minti goma ya rage ko ƙasa da haka. Na kalli hannuwana, na kalli nisan gado da teburin gogewa.

Na cire safar.

"Doguwa, zo ki karɓa."

Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskata, ta rufe. Ta zo ta tsaya a wurina.

Bayan an gama na sami Babbarmu a ofis na gaya mata komai, da tire da shanya. Na ce ta bar ni a awo, in kuma ana neman mai tsayawa a kan masu naƙuda, ina nan, amma ba zan ƙara ɗaukar ɗan kowa ba sai ranar da aka san sunan abin nan. Ta yi kuka, na yi mata faɗa, na ce shugaba ba ta kuka a ofis.

Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Da na cire safar ban fita ba. Na zagaya wajen kan gadon, inda ban taɓa tsayawa ba. Yarinyar ta cafke hannuna kamar za ta karya. Na riƙa goge mata gumi ina cewa yunƙura 'yata, saura kaɗan, yunƙura. Sai shirun nan. Kullum a wannan shirun idona yana kan ɗa, ina duba launinsa, ina share masa hanci, ina jiran ƙirjinsa ya ɗaga. Yau babu abin da ke gabana sai fuskarta.

Da kukan ya tashi na ga abin da ya faru da fuskar nan. Ban san yadda zan rubuta shi ba. Azabar duk ta zube lokaci ɗaya, idon ya buɗe, bakin yana rawa, kamar an kira ta da wani suna da ba ta san nata ba ne sai yanzu. Haihuwa fiye da dubu huɗu, wannan yana faruwa taku ɗaya daga kaina, ban taɓa ɗagowa na gani ba. Allahu Akbar. Na tsaya da hannuna cikin nata ina kallo.

Ta juyo ta kalle ni, hawaye na shiga kunnenta.

"Mama, kin ji shi? Nawa ne?"

Na ce, "Naki ne, 'yata. Na ji shi."